Daktar da ta hana mu yi wa Inna hidima

Shekara tara ke nan da rasuwar yayata, Dakta Habiba, amma har yau idan na sayi nama sai na tsinci kaina ina jujjuya shi ina duba launinsa, mahauci yana kallona yana jiran in faɗi laifin da na gano. Ba laifi nake nema ba. Yaya ce ta bar mana wannan ɗabi'a, ni da duk wanda ya taɓa cin abinci kwano ɗaya da ita.

Malama ce a jami'ar garin nan namu na Jos, kuma duk rayuwarta ta aiki a kan tsoka ta ƙare, wato naman nan da ke manne da ƙashi, wanda muke tafiya da shi, muke ɗaukar kaya da shi. Yadda yake girma, da abin da ke sa ya zube, shi ne bincikenta. Mutanen Anguwan Rogo kuwa da suka ji an ce 'yar gidan Inna mai waina ta zama dakta, sai suka fara kawo mata yara masu zazzaɓi. Ta yi bayani har ta gaji cewa ita ba likitar asibiti ba ce, su kuma su fita suna cewa rowar magani take yi. Da suka ga kullum da sassafe tana hanyar kwata riƙe da kular ƙanƙara, sai suka huta, suka sa mata suna Daktar Nama. Ta fi son wannan suna a kan duk wanda aka rubuta mata a takarda.

A kwata mahauta sun san ta sarai. Wani ɗan mitsitsin yanki take karɓa daga cinyar saniyar da ta sha tafiya a daji, ta karɓi wani daga wadda aka ɗaure a turke ana zuba mata dusa, ta tafi ta yanka su sirara ta duba a na'ura. A gida kuma mu ne ɗalibanta na dole. Ranar Sallah, kana shirin kai loma, za ta riƙe maka hannu ta tambaye ka dalilin da ya sa ƙirjin kaza fari ne, cinyarta kuma ta fi duhu. Wai kaza yini take tana yawo da ƙafa, tashi kuwa sai an kore ta, shi ya sa zaren naman cinya irin mai jure wahala ne. Ta ce mu duba tantabara, ita da ke tashi kullum ƙirjinta ja ne. Kafin ta gama miya ta huce.

Inna ba ta taɓa ɗaukar wannan aiki da wani muhimmanci ba. Akwai lokacin da wuta ta daɗe babu a wurin aikin Yaya, ta kwaso ƙulle-ƙullen namanta ta ajiye a firjin gida, kowanne da alamarsa. Inna ta buɗe ta gani, ta ce mahauta sun cuci 'yarta, ta kwance su duka ta haɗa a roba ɗaya don zoɓo ya sami wuri. Aikin watanni ne ya tafi a ranar. Yaya ta zauna daɓas a tsakar gida, ta yi dariya har da hawaye, kuma ban san iyakar dariyar da farkon kukan ba.

Nakan yi tunanin abin da za ta ce da ta ga Jos ta yau. Gidajen motsa jiki sun cika gari, samari suna ɗaga ƙarfe suna ɗaukar hoton damtsensu a waya, suna shan wani gari na gwangwani da aka ce yana sa ƙwanji. Na tabbata za ta ji daɗin ɗaga ƙarfen, za ta kuma tsaya ta karance bayan gwangwanin tas, sannan ta tambayi yaron ko a gidansu an daina dafa wake. Abin da zai ɓata mata rai shi ne yadda yaron nan da ya gama ɗaga ƙarfe zai tare keke-napep daga unguwar Ali Kazaure zuwa Congo-Russia, 'yar tafiyar da ƙafa za ta yi, ya iso gida ya karɓe wa kakarsa tsintsiya daga hannu yana ganin ya yi abin kirki. A kan irin wannan ne muka yi rikicin da ya fi kowanne a gidanmu.

'Yan shekaru kafin rasuwar Yaya, a tsakiyar sanyin nan na Jos mai shiga ƙashi, ciwon haƙarƙari ya kwantar da Inna a asibiti. Yaya tana ƙasar waje a lokacin, an tura ta ƙarin karatu na wasu watanni. Da aka sallamo Inna, muka shiga gasar hidima, ni da matan yayyenmu da jikoki. Kowa ya san yadda aka tarbiyyantar da mu: babba ba ya ɗaukar abu kana tsaye, kuma albarka a wajen hidimar iyaye ake samunta. Inna ta miƙa hannu za ta ɗauki kofi, mutum uku sun riga ta. Buta da tasa har kan katifa ake kai mata, alwala ma wata ke zuba ruwa wata na riƙe da tawul. Matar da ta yi shekaru tana tashi ta hura wuta ta soya waina ta ciyar da mu, muka mayar da ita ba ta ko juyawa sai an taimaka. Baƙi suna zuwa dubiya suna sa mana albarka, mu kuma muna ta ƙara ƙaimi.

Ranar da Yaya ta dawo, ta durƙusa ta gaida Inna, suka yi 'yan koke-kokensu. Sai kawai na ga ta yaye bargo ta kama sha-raɓar Inna tana matsawa kamar mai tayin rago. Fuskarta ta canza. Ta ja ni zuwa zaure ta ce, "Balaraba, kun kusa ƙarasa ta da ƙauna." Ta yi mini bayani cewa ciwon ya daɗe da tafiya, kwanciya ce yanzu ke cin Inna. Tsokar da ba a aiki da ita jiki yakan ɗauka ba a bukatarta, ya fara rage ta, kuma a jikin tsoho tafiyarta da sauri ne, dawowarta a hankali. Ta ce idan muka ƙara wasu watanni a haka, Inna ba za ta sake tsayawa da ƙafarta ba har abada. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ni a ganina yabo ya kamata ta yi mana.

Washegari dokoki suka fara aiki. Buta ta koma bakin ƙofa. Aka kawo kujera mai hannu, Inna ta riƙa tashi tana zama, Yaya na tsaye a gabanta ta buɗe hannuwa amma ba ta taɓa ta sai in za ta faɗi. Kunu da farar shinkafar da muke lallaɓa ta da su aka ƙara musu wake da ƙwai da nono da awara. Duk jikan da ya ruga zai miƙa wa Inna abu, harara ɗaya ke mayar da shi. Inna tana yi tana mita, tana cewa ta haifi soja ba ta sani ba. Da aka ɗan kwana biyu sai Yaya ta kawo ƙaramin turmi ta ce a fara dakan yaji daga zaune.

Ƙarar taɓaryar nan ce ta tona mana asiri. Maƙwabta suka leƙo suka ga tsohuwa mai jinya tana daka, 'ya'yanta da surukanta sun yi cirko-cirko suna kallo. Kafin la'asar magana ta zaga unguwa, kafin kwana biyu ta kai kunnen Kawu Ɗanjuma, ƙanen Inna, wanda sana'arsa fataucin shanu ce. Ya shigo ko zama bai yi ba.

"Habiba, uwar da ta haife ki kike sa wa daka? Karatun nan naki tausayi ya cire miki?"

Yaya ta durƙusa, kanta a ƙasa, ta ce, "Kawu, idan saniya ta kwanta da rani ta kasa tashi, yaya kuke yi da ita?"

Kawu bai tsaya tunani ba ya ce ai ɗaga ta ake yi safe da yamma, ko tana so ko ba ta so, don in ta daɗe a ƙasa sai dai wuƙa. Sai da ya rufe baki ya gane inda aka kai shi, ya buɗe sabon faɗa, wai yanzu yayarsa ake kwatantawa da dabba a gabansa. Muryar Inna ce ta katse shi daga ɗaki.

"Ɗanjuma, rabu da ita. Ni ce saniyar, na ji. Ku zo ku ɗaga ni tun ba ku fara wasa wuƙa ba."

Har Kawu sai da ya yi dariya. A ranar ne Inna ta faɗi abin da ta ɓoye mana tun dawowarta daga asibiti: ta gaji da sallah a zaune, kuma babu abin da take roƙo irin ta sake tsayawa a gaban Ubangijinta. Kunya ce ta hana ta ƙin hidimarmu, kada mu ga kamar ta raina. Kafin ruwan farko ya sauka ta yi sallah tana dafe da bango, zuwa azumi kuwa da ƙafarta take zuwa barka da ta'aziyya, tana yi wa sa'o'inta wa'azin tashi da zama.

Babu wanda ya zaci Yaya za ta riga ta. Gajeriyar rashin lafiya ta yi, Allah ya karɓi abarsa tana tsakiyar ƙarfinta. Inna ta shiga ɗaki ta kwanta ta juya wa ƙofa baya, mu kuma ba tare da shawara ba muka koma halinmu na da, don ba mu san wata hanyar nuna tausayi ba. Ina ganin abin da ke shirin faruwa, tsoro ya kama ni, amma wa zai iya ce wa uwar da ta binne 'yarta ta tashi ta motsa jiki? Bayan masu zaman makoki sun watse, na kai mata buta da tasa har bakin katifa. Ta dube ni da jajayen idanu ta ce, "Mayar da ita bakin ƙofa. In na kwanta yanzu, wahalar yarinyar nan ta tafi a banza."

Ana gaya mini cewa rubuce-rubucen Yaya suna nan ana karantawa, ɗalibanta kuma wasu sun zama manyan malamai, sukan zo gaida Inna da Sallah. Ina alfahari da wannan, ko da yake ban fahimci ko shafi ɗaya na abin da ta rubuta ba. Abin da na fahimta shi ne wanda nake gani a tsakar gidanmu. Inna ta tsufa sosai, ido ya yi rauni, kunne sai an ɗaga murya, amma ita ke share ƙofar ɗakinta, kuma yanzu da gwiwoyina suka fara ƙara, ni take sa wa ido. In 'yata ta zo karɓar kaya daga hannuna, Inna ce ke daka mata tsawa ta ce a bar ni in ɗauka.

Ina kewar Yaya, kewa mai yawa. Allah ya jiƙanta, ya sa ilimin da ta bari ya riƙa binta da lada. Yau da safe na tsaya daga bakin ƙofa ina kallon Inna ta yi sallarta a tsaye, ta sallame, ta daɗe tana ambaton sunan Habiba a addu'a. Da ta shafa, na matsa zan kama ta, ta ture hannuna ta miƙe da kanta.