Gurbin Rediyon Ramatu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safiyar nan ina ɗaure tsani a bayan mashin zan fita aiki, ƙanin Malam Isiya ya kira ni. Ya ce, "Lawali, Malam ya rasu."

Na ce wane Malam? Na san wanda yake nufi, bakina ne kawai ya tambaya.

Jiya da yamma suna dawowa daga Gummi a motar haya, 'yan bindiga suka tare hanya suka buɗe wuta. Yana gaba, kusa da direba. Ba a samu ɗauko su ba sai da gari ya waye.

Mun kai shi makwancinsa bayan azahar, nan Anka.

Malamin firamare ne. Ni kuma wayarin nake yi. Shi ya fara sama mini aiki lokacin da babu wanda zai yarda in taɓa masa ko soket. Shekarar da na faɗo daga tsani na karye, ya ɗauki fartanya ya yi mini noman farko, bai gaya mini ba. A bakin maƙwabcin gonata na ji.

In ya zo shagona ba ya zuwa hannu sake. Ko goro ne, ko fura a leda.

Waɗanda suka san shi sun san Ramatu, 'yarsa. Tana goye suna zaune a ƙauye ta wajen Sunke, lokacin da ake niƙa duwatsun zinari a cikin gidaje, gubar dalma ta shiga yara. Yayanta ya rasu. Ita ta tashi, amma jijjigar da gubar ta sa ta ta tafi da maganarta, ta taɓa ƙafafunta, kunnenta ma sai kaɗan. Yanzu budurwa ce, daga inda aka zaunar da ita sai an ɗaga ta.

Abu ɗaya ke kwantar mata da hankali: sauti. In aka kunna rediyo takan manna kuncinta jikin sifika ta yi lamo. Karatun Alƙur'ani da safe, kiɗan manoma da yamma. In kalangu ya shigo har dariya take yi.

Saboda ita Malam ya sayo babbar rediyo ta hannu, mai amfilifaya da manyan sifikoki biyu. Amma a gidan haya suke, ɗaki ciki da falo, bango ɗaya da maƙwabta. Sau ɗaya ya haɗa, aka yi ƙorafi, ya ba da haƙuri ya mayar cikin kwali. Ya ce sai ya gama nasa ginin.

Ginin nan ya daɗe yana yinsa, bulo kaɗan-kaɗan. Bana aka yi rufi.

Ranar Juma'ar da ta wuce ya kira ni can in duba inda zan fasa bango kafin a yi filasta. Ganina da shi na ƙarshe kenan.

Na same shi a falon da gawayi a hannu, ya zana gurbi uku a bango, ƙasa-ƙasa. Na tsakiya na rediyon, na gefe da gefe na sifika.

Na ce, "Malam, wanga zane ya yi ƙasa. Sama aka ɗora sifika, ko don ƙura da ruwan wanke daɓe."

Da farar rigarsa ta Juma'a ya zauna a ƙasa cikin yashi, ya jingina, ya kwantar da kansa jikin bulo.

Ya ce, "Nan kunnenta ka kaiwa in ta zauna. Dubo min, ya yi daidai?"

Na duba. Ya yi daidai.

Daga nan muka bi falon lungu-lungu. Ya ce soket ya hau sama inda hannunta ba ya kai. Waya duk ta shige cikin bututu, kada ko guntu ya leƙo, don takan ja abu ta sa a baki. Batirin sola a kai shi sito a bayan bangon. Ya guji bangon da ke kallon filin maƙwabci, ya ce ba ya son ya sake ba kowa haƙuri. Har ƙofar kicin ya sa aka matsar, don matarsa Hajara ta riƙa hango yarinyar tana girki.

Maginin da ke masa aikin ya ce masa, "Malam, to kujerun baƙi fa? Ka cinye bangon mai kyau."

Ya yi dariya ya ce, "Baƙi su zauna tabarma. Ɗakin ga na Ramatu na."

Da zan tafi ya rako ni bakin mashin yana kaɗe yashi daga rigarsa. Ya ce, "Lawali, ranar da munka kunna, kai za ka murɗa mata. Ni ina son in tsaya in kalli huskarta."

Gaisuwar rasuwa ta kai shi Gummi. Ƙaninsa ya ce cikin kayan da aka kawo daga motar har da soson katifa sabo, a naɗe. Ya saya ne a lulluɓe gefen gurbin, kada ta buge kai.

Bayan mun dawo daga maƙabarta na tsaya daga bakin labule in yi wa Hajara ta'aziyya. Inna, mahaifiyar Malam, ita ta yi magana.

Ta ce, "Lawali, ɗiyar nan ba ta ci komi ba tun jiya. Shi ka ba ta da hannunshi. Mi za mu ce mata? Da wane baki?"

Na hango Ramatu a kan tabarma, mata cike da ɗakin suna kuka, ita tana ta kallon ƙofa. Duk wanda ya ɗaga labule sai ta miƙa wuya, ta ga ba shi ba ne, ta koma.

Ban iya tsayawa ba, na fito.

Ban sani ba ko iyalinsa za su iya ƙarasa gidan. Na dai gaya wa maginin kada kowa ya taɓa bangon nan. Aikina zan yi shi yadda Malam ya zana.

Allah ya jiƙan Malam Isiya da waɗanda suka rasu tare da shi. Allah ya karɓi shahadarsu, ya haskaka kabarinsu. Allah ya ba Inna da Hajara haƙuri. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa a hanyoyinmu.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a. Ku sa da Ramatu, ku ambaci sunanta. Allah ya sa ta karɓi abinci daga hannun wani.