Idon Ubale Mai Ƙanƙara

A Badafi in ka ce Ubale kawai, sai a tambaye ka wanne. Ka ce mai ƙanƙara, ko akuya ta san gidan. Shekara talatin yana sayar da ƙanƙara, wato dutsen ƙyastu, wanda ake bugawa da ƙarfe wuta ta kama audugar rimi. Shi ba ya tsintar dutse haka siddan. Sai ya lasa, ya ƙwanƙwasa kusa da kunne, sannan ya fasa da guduma. Wurin fasawar nan ɓarɓashi ya tsone masa idon hagu tun yana saurayi. Saura ido ɗaya tak, kuma da shi ake ci a gidan.

Tun daga ranar ba ya ɗaga guduma sai ya sauko da rawani ya rufe fuska ruf. Da yatsa yake laluben jijiyar dutse, ya buga a makance. Mutane na dariya, shi ko a jikinsa.

To, sai ashana ta cika kasuwar Yako. Masu sayensa suka koma maharba da Fulani da tsofaffi masu lofe, su kuwa ba sa karɓar dutsen da sai an buga sau biyar. Na rafin garinsu ya ƙare, sauran duk ruɓaɓɓe. Da kaka ta yi ya ɗaura wa jaki mangala, ya ce Riruwai za shi, inda masu haƙar kuza ke zubar da farin dutse tsibi-tsibi.

Asma'u matarsa ta tsaya a bakin zaure. "Malam, gabana faɗuwa yake. Ka bar dutsen da ba ka san halinsa ba."

"Dutse dutse ne," in ji shi. Kai, Ubale da taurin kai!

Kwana huɗu ya yi a hanya. Ya sauka wurin Sale, ɗan ƙanwarsa da ke leburancin kuza. Sale ya kai shi bayan wani tsohon rami, ya nuna masa tsibin, ya ce, "Kawu, wannan ba irin na gida ba ne. Tashi yake kamar kwalba. Ya yanki mutum biyu cikinmu." Sannan ya tafi aiki.

Wurin shiru, ko tsuntsu babu. Ubale ya lasa, ya ƙwanƙwasa, ya ji wata ƙara siririya da bai taɓa ji ba. Ya rufe fuska ya buga. Dutsen ya watse gari. Ya sake, haka. Yatsansa ya kasa gano jijiyar, don dutsen sumul yake. Har rana ta take tsaka bai samu ko ɗaya mai baki ba, ga tsoro, ga haushi.

Ya ɗauki wani babba. Da ido kam ana ganin jijiyar, siririya kamar zare. Ya ce a ransa sau ɗaya ne kawai. Wallahi ya san abin da yake yi, shi ya sa abin ke ci mini rai. Ya ture rawanin sama, ya sunkuya, ya daidaita guduma.

Ƙwas!

Bai yi ihu ba. Ya zauna daɓas, wani abu mai ɗumi na bin kuncinsa na dama. Ya lalubi ƙasa ya samu ɓarin dutsen, bakinsa kamar aska. Ya ciro ƙarfen ƙyastu daga aljihu, ya ɗora auduga, ya buga.

Da la'asar ya ji takun Sale, ya ji takun ya tsaya cak.

"Sale, kai ne? Zo ka duba mini." Ya sake bugawa. "Yana ba da wuta kuwa?"

Sale ya dubi hannun kawun nasa. Audugar ta riga ta kama, tana cin babban yatsan Ubale.