Ranar da Na Kira Sunan Ɗiyata ta Fari

Na ga abubuwa da yawa a duniyar nan, wasu sun shuɗe kamar ba a yi su ba. Amma wannan rana, ko ina kan gadon mutuwa aka tambaye ni, zan faɗe ta tiryan-tiryan ban tsallake komai ba.

Ni mutuniyar ƙasar Zurmi ce. Can aka haife ni, can na yi aure na haifi tara, sai da mutanen daji suka matsa mana muka tattara muka dawo Ƙaura. Kuma ni mace ce mai riƙon al'ada, kowa ya shaide ni. Ɗiyata ta fari, tun ranar da aka raɗa mata suna bakina bai taɓa furta shi ba. In ina son ta sai in ce "ke", in ana zancenta in ce "waccan". Har gori nake yi wa matan yanzu masu kiran 'ya'yan fari gatsau, ko kunya babu.

Shekarar da muka dawo Ƙaura, waccan ta aiko a kai ni wurinta in huta. Mijinta yana aiki a wani tsohon birni da ke bakin wani ƙaton tafki, tafiyar yini guda a mota. Suna da ɗiya 'yar shekara biyar, wadda nake kira ƙawata. Tana da ciwon numfashi. In ya taso mata sai an danna mata wani ɗan abin shaƙa a baki, kuma kullum yana cikin jakar uwarta.

Wata Asabar da hantsi surukina ya kai mu tsohuwar fadar garin, wadda aka mayar gidan tarihi. Gaskiya na ga gini. Zaure bayan zaure, katanga mai kauri kamar ganuwa, ga takubba da sulke da tambura, ga kwalekwalen da sarakunan da suke ƙetare tafkin da shi. Wani dattijo mai 'yar sanda ke zagayawa da mutane yana bayani. Da muka zo wani ɗaki sai ya nuna ya ce, "Wannan shi ake kira akushi."

Na ce, "Malam, akushi kuma? Ai da shi na ci tuwo har na yi jika."

Aka yi dariya, shi ma ya dara. Ya ce, "To Hajiya, ki dai tsaya kusa, akwai sanarwar da zan yi."

Na ce a raina, me wanga zai sanar da ni? Na ja hannun ƙawata muka zame muka shiga ɓangaren mata, ina nuna mata duwatsun niƙa. Ashe sanarwar ita ce 'yan bindigar fada za su yi gwaji a bayan katanga, saboda washegari akwai naɗin sarauta. Kowa ya ji, ban da ni.

Sai kawai na ji dum! Kafin in juya, wata ta biyo, wata ta biyo, har ƙasa na girgiza. Wanda bai zauna ƙasarmu ba ba zai gane ba. Ban yi tunani ba ko kaɗan, jikina ne ya yi abin da ya saba. Mu abin da muka koya da jininmu shi ne, in bindiga ta tashi ba a gudu a fili, ba a barin yaro ya yi kuka, kuma ba a amsa kira. Na suri yarinyar, na hango wata 'yar gajeruwar ƙofa mai ƙusoshin ƙarfe, na sunkuya na shige na jawo ta da ƙarfi. Na ji wani abu ya faɗa ta waje, ƙwaras. Ban kula ba. Daga baya na san ɗakin da ake tsare masu laifi ne a zamanin da, sakatarsa ta waje take.

Duhu, warin jemage, ƙura. 'Yar kafa ɗaya ce can sama take shigo da haske. Na rakuɓe a lungu na toshe wa yarinyar baki da tafina. Tana mutsu-mutsu, ina raɗa mata, "Yi shiru ƙawata, yi shiru, sun shigo."

Bindiga ta lafa. Can sai na ji muryar waccan a kusa: "Inna! Inna, kuna ina? Ku fito, ba komai!"

Da wannan magana aka fito da maƙwabciyata daga cikin rumbu a garinmu. Ɗanta suka ɗora wa bindiga a wuya ya yi ta kiran ta, yana cewa ba komai. Na ce shi ke nan, sun kama waccan. Hawaye na zuba, amma na ƙara danne bakin yarinyar. Na ji takun surukina ya wuce ta bakin ƙofar, na ji muryoyin sun yi nisa.

Sannan na ji ƙirjin ƙawata ya fara ƙara kamar fito. Na ɗauke hannuna. Ta buɗe baki tana jan iska, iskar ba ta shiga. Ta ce, "Kaka... abina." Abinta yana jakar uwarta.

Na tura ƙofa, ko motsi. Na doka da hannu, na doka da kafaɗa, katangar nan ta haɗiye ƙarar. Ta kafar sama na jiyo hayaniya, wani na cewa, "A duba bakin ruwa! A kira masunta!" A nan hankalina ya dawo. Mutanen daji ba sa kiran masunta su nemi tsohuwa. Babu wanda ya shigo. Ni ce na rufe jikata a kurkuku da hannuna, ga shi kowa ya tafi tafki yana neman gawarmu.

Akwai wani gungumen itace a ɗakin mai zoben ƙarfe. Na hau shi, ni da gwiwa ke damuna, na kai bakina kafar. "Jama'a! Ke! Ke waccan!" Wace ce "ke" a cikin matan da suka fi a ƙirga? Ba wanda ya waiwayo. Na dubi ƙasa, na ga yarinyar ta zame ta kwanta, fiton ma ya fara ƙanƙancewa.

Sai na kira sunan. Shekara talatin da wani abu yana cikina, ya fito kamar ana yage min maƙogwaro. Sau uku na kira.

Waccan ta ce min daga baya ruwa ya kai mata gwiwa lokacin da ta ji. Ta san muryar, ta san sunan, amma ba ta taɓa jin su tare ba, har ta ɗauka ajalinta ne ke kiran ta. Da gudu ta zo, dattijon nan ya ɗaga sakata, ta faɗa ciki ta danna wa ɗiyarta abin shaƙa. Muna tsaye a kanta har ƙirjin ya saki, yarinyar ta fashe da kuka. Ban taɓa jin kuka mai daɗi irin wannan ba.

Dattijon ya dube ni ya ce, "Hajiya, da kin tsaya kin ji sanarwa." Na riƙe hannun ƙawata muka fita.

Da muka koma gida waccan ta dama fura ta kawo min, ta zauna nesa kaɗan kamar yadda ta saba. Ta ce, "Inna, ashe kin san sunan."

Na ce, "Ni da na kwana biyu ina naƙudarki?"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ki ƙara faɗa."

Na juya na fuskanci bango, na faɗa a hankali. Sai na ji tana kuka, mace mai ɗiya, kamar ita ce 'yar shekara biyar ɗin.

Tun daga ranar, in na shiga garin da ba nawa ba, nakan tsaya in saurari mai gari ko da abin da na sani yake faɗa. Na kuma gane kunyar da nake taƙama da ita, ni ta yi wa ado, ita kuwa ɗiyar shekara talatin tana jiran ta ji uwarta ta kira ta. A gaban mutane har gobe "waccan" ce, ban canja ba. Amma in ta bugo waya ina ɗaki ni kaɗai, da sunanta nake amsawa.