Beben Talabijin a Gidan Mai Gyara

Shekara goma sha ɗaya talabijin ɗin gidanmu ya yi yana bebe, alhali mijina mai gyaran talabijin ne. Ku fara riƙe wannan, don duk abin da na aikata daga baya a nan ya samo asali.

Injiniya ake ce masa. Shagonsa a ƙarƙashin matakalar wani bene yake, taku uku ka ƙure shi, cike da matattun akwatuna har rufi, ga ƙaurin dalma da ba ya barin rigunansa ko na wanke sau biyu. Yana da wani tsagaggen madubi da yake jinginewa a gaban talabijin, don ya riƙa ganin fuskarsa yana aiki ta baya. Hannunsa kam Allah ya yi masa baiwa, abin da wasu suka ce a kai bola shi yake tayarwa. Baki ne aka rage masa. In'ina gare shi, irin mai tsananin nan da kalma kan tsaya masa a maƙogwaro har jijiyar wuyansa ta tashi. Masu kawo gyara ba sa iya jira, sai su ƙarasa masa magana, yawanci ba daidai ba, shi kuwa ya gyaɗa kai don a wuce wurin. Ni ce shugabar masu ƙarasa masa. Tela ce ni, mai kafa keke a falo, kuma bakina ya fi keken gudu.

Tun yana saurayi wani direban babbar mota ya kawo masa gyaran rediyo, ya bar masa kwalin kaset ya ce ya riƙe, ciwon kai suke sa shi. Waƙoƙin wasu Turawa ne masu gashi har kafaɗa. Waƙa ɗaya sai ta cinye fuskar kaset guda. Za ta fara da kukan tsuntsaye, sarewa ta shigo, a yi ta lallaɓa fiyano kamar ana tsoron tashin jariri, sai can jita da ganguna su ɓarke kamar an watsa kwanuka daga saman bene. Ka ce to an gama, ashe sallama aka yi. Sai an ci minti goma kafin wani ya buɗe baki.

Da irin wannan ya zo zance wurina. Ya ajiye rediyo a tsakaninmu, ya ce in ta ƙare zai faɗa mini abin da ya kawo shi. Minti ashirin da uku! Babana ya leƙo sau biyu ya ga ko lafiya. Ƙafata ta yi tsami, sauro ya gama da ni, na ce, "In aure ne na amince, don Allah kashe." Daga baya na tambaye shi abin da yake ji a cikin wannan hayaniya. Ya daɗe yana kokawa da bakinsa kafin ya ce, "Su b-b-ba mai ƙarasa musu."

Babban ɗanmu yana da shekara biyu sautin talabijin ya ɗauke. Na dawo daga kasuwa na tarar mutane suna ta motsa baki a ciki, ba a jin komai. Injiniya yana tsaye da sukundireba a hannu.

Ya ce, "Sautin n-n-na..."

Na ce, "Ya mutu ko? Dama na faɗa. Kuma irin wannan sai an kawo kayan gyaransa daga waje."

Ya dube ni, ya gyaɗa kai. Tun daga ranar duk lokacin da na tayar da maganar, amsar ke nan: sai an kawo kayan gyaransa daga waje.

Ana nuna katun na jarumai kowace Asabar ƙarfe goma na safe, irin tsofaffin nan masu tashi sama da mayafi a wuya, su ɗaga mota da hannu ɗaya, su tare jirgin ƙasa da ƙirji. Ko da wa ya kawo gyara, ran Asabar Injiniya ba ya buɗe shago sai azahar. Ya gano cewa tsawon katun ɗaya daidai yake da tsawon waƙarsa ɗaya. Sai ya zauna a ƙasa gefen talabijin, rediyo a cinya, yatsa a kan maɓalli. Katun na farawa ya danna. Tsuntsaye su yi ta kuka lokacin da ake nuna gari lafiya lau, mugu na ɓullowa ganguna su ɓarke, sai ka rantse tare aka yi su.

Sannan ya ba su murya. Abin da ban taɓa ganewa ba har yau shi ne, in ya ari bakin waɗannan mutanen, in'ina ba ta zuwa ko kusa. Magana ta yi ta zuba kamar an buɗe famfo. Ya raɗa wa babban jarumin suna Mai Kamfai a Waje, saboda yadda yake sa tufafinsa. Mugun kuwa sunansa yana canjawa gwargwadon abin da ya faru a gida cikin makon. In babban yaron ya ƙi wanka, mugu ya zama Sarkin Dauɗa. In an rasa sukari a gwangwani, ya zama Ɓarawon Sukari, kuma abin mamaki yana tari irin na Auta. Akwai wata mata da kullum ake ratayewa a saman dogon bene tana ihu. Wannan muryata ya ba ta.

"Wayyo jama'a! Wa ya ɗora kofi a kan keken ɗinkina!"

Yara su yi ta birgima a ƙasa. Ni kuwa ina bayan keke ina cewa Allah ya shirye ku, ina danne dariya har allura ta soke ni. In mun yi faɗa, a nan yake ba ni haƙuri. Mai Kamfai a Waje zai sauko da matar daga bene ya ce, "Baiwar Allah, jiya ni ne da laifi, amma ke ma gishirin ya yi yawa."

Haka yaranmu uku suka tashi. Ni ce dai nake biyan kuɗin sabulu, don ina da wasan kwaikwayon da nake bi duk Alhamis da yamma, kuma dole in ɗauki mayafi in tafi falon maƙwabciyata, Maman 'Yan Biyu, in zauna a hannun kujera kamar baƙuwa. Wata Alhamis, a gaban mata huɗu, ta miƙo mini ruwa ta ce, "Ke kam ki riƙa zuwa, ba komai. Ai gidanku ba a jin magana, daga maigidan har akwatinsa."

Aka kwashe da dariya. Na ajiye kofin ban sha ba. Ni in tsokane shi daidai ne, amma wata ta taɓa mini shi, sai inda ƙarfina ya ƙare. Na yi rantsuwa sai akwatin nan ya yi magana ta ji ta bango.

Washegari, Injiniya na fita, na kira abokin hamayyarsa na tsallaken titi, wani mai tumbi da ake kira Yanzu-Yanzu. Ya kwance bayan talabijin, ya leƙa, sai ya zauna daɓas yana dariya har da riƙe ciki.

"Hajiya, wa ya ce miki wannan ya lalace?"

"Maigidan."

"To zo ki gani." Ya nuna mini wata waya da aka cire daga sifika, aka naɗe bakinta da salatif tsaf-tsaf, aka lanƙwasa ta gefe. "Wannan aikin gwani ne. Ko kaza ta iya mayar da ita."

Shekara goma sha ɗaya ina zaman hannun kujera! Na ji kaina ya yi zafi. Na ce, "Haɗa."

Ran Asabar na bar Injiniya ya zauna, ya ɗora rediyo a cinya, ya ɗora yatsa. Sannan na taso da kaina na murɗa maɓallin sauti har ƙarshe. Falo ya ɗauka da ƙarar fashewa da jiniya, Mai Kamfai a Waje ya buɗe baki da wani irin Turanci ta hanci. Yara suka yi tsalle suna ihu, "Yana magana! Yana magana!" Injiniya ya ɗago ya dube ni.

Na ce, "Yanzu-Yanzu ne ya samo kayan gyaran daga waje."

Injiniya ya ɗauke yatsansa daga kan rediyo, ya ɗan zauna yana kallon ƙeyar yaransa, waɗanda ba wanda ya waiwayo. Can ya tashi ya ɗauki makullin shago.

Na ci nasara, kuma na ƙure sauti ran Alhamis har Maman 'Yan Biyu ta buga bango. Daɗin bai kai mako uku ba. Injiniya ya koma buɗe shago ran Asabar tun da safe. Kwalin kaset ya koma ƙarƙashin gado. Gidan ya cika da ƙara, amma ba mai tsokanata, ba mai ba ni haƙuri. Wata rana muna cin abinci ya juya zai tambayi Auta wani abu game da makaranta, kalmar ta maƙale. Auta, ɗan shekara shida, ya ce, "Baba, yi sauri mana."

Ya rufe bakinsa ya ci gaba da cin abinci. Ni kuwa na ajiye lomar da ke hannuna. Sai a lokacin na lissafa: duk mako, minti ashirin da uku kacal yaran nan suke jin ubansu ya fara magana ya kai ƙarshenta, kuma ni na ƙwace. A bakina Auta ya koyi wannan gaggawar, ba a titi ba. Na ji kunya, kuma na yi kewar mutumin da muke kwana ɗaki ɗaya.

Amma in buɗe baki in ce na yi kuskure? Ba a haife ni da wannan ba. Ran Juma'a da hantsi, yara na makaranta, na zare waya daga soket, na kwance bayan talabijin da bakin almakashina. A tunanina dai wayar da Yanzu-Yanzu ya nuna mini ja ce. Da na leƙa sai na ga jajaye sun fi tara. Na zaɓi wadda ta fi kama da mai laifi, na yi bismillah na datse, na mayar da murfi.

Garin gyaran gira na rasa ido. Ran Asabar aka kunna, sauti ya fito rangaɗaɗau, hoto kuwa baƙi ƙirin. Auta ya fashe da kuka, babban ya hau dukan akwatin, ta tsakiyar ta ruga shago ta kira ubansu. Ni ina kan keke ina ɗinka hannun rigar da na riga na ɗinka.

Ya zo da jakar kayan aikinsa, ya buɗe, ya daɗe yana kallo. Ya sa yatsu biyu ya zaro wani ɗan shuɗin zare da ya maƙale a bakin wayar, ya ɗaga shi sama, ya dubi shuɗiyar rigar da ke kan kekena. Na ƙara wa keken gudu. Ya narka dalma ya liƙe, hoto ya dawo, saura minti biyu katun ya fara. Hannunsa yana nan a cikin akwatin bai fito da shi ba.

Ya ce, "S-s-sautin fa?"

Na ce, ban ɗago ba, "Wane sauti? Ai irin wannan ba ya jimawa. Sai an kawo kayan gyaransa daga waje."

Na ji ɗan ƙas, falo ya yi tsit. Yara suka hau ƙunƙuni, babban har da cewa shi gidan su 'Yan Biyu zai tafi. Injiniya ya jawo kwali daga ƙarƙashin gado, ya hure ƙura, ya zauna a wurinsa. Tsuntsaye suka fara kuka. Aka nuna matar nan a rataye a saman bene, Mai Kamfai a Waje ya taso ya cafe ta.

"Baiwar Allah, ki tsaya a kan ɗinkinki. In kuwa dole sai kin yanka, baƙar ce ta hagu, ba jar ba."

Babban ya ce, "Me ke nan kuma?" Auta ya kai masa duka a cinya ya ce, "Yi shiru, Baba na magana."

Na sunkuyar da kai a kan keke, na ce zare ne ya shiga mini ido.

Ran Alhamis da yamma na ɗauki mayafi, na shirya komawa hannun kujerar Maman 'Yan Biyu in sha abin da zan sha. Ina bakin ƙofa Injiniya ya riƙo gefen mayafin, ya ja ni bayan talabijin. Can ƙasa, inda yaro ba zai lura ba, ya dasa wani ɗan maɓalli kamar ƙwayar wake. Ya danna, sauti ya fito. Ya sake dannawa, ya ɗauke.

Na saki baki. "Dama ana iya haka? Shekara goma sha ɗaya, Injiniya! Me ya hana ka tun farko?"

"Ranar n-na so in ce miki na cire ne, z-zan sa wannan."

"To me ya hana ka faɗa?"

"Ke k-k-kika..."

Na san kalmar. Tana kan harshena, tana tsalle, tana neman hanya. Na cije leɓe, na riƙe mayafina da hannu biyu, na tsaya ina kallon jijiyar wuyansa tana tashi. An fara wasan kwaikwayona a bayan bango, ina jin kiɗan buɗewa, ban motsa ba.

"...ƙarasa."