Kaka Dudu da Ramin Hanyar Tibati

Duk wanda ya taɓa zama a tsakar gidan Kaka Dudu a Garwa ta ƙasar Kamaru ya san ba ta shirya tafiya da baki kawai. Sai ta sa a share ƙasa, ta ja layi da tsinken tsintsiya, ta kwance ƙullin goronta ta jera garuruwa. Farin goro garin da take da mutane, jan goro garin da mota ce kawai za ta sha mai. Ƙanwar kakata ce, dillaliyar fatu da busasshen kifi, kuma ita ce mace ta farko da na gani da idona tana jan a-kori-kura, wadda su can ke kira bashe. Ta ɗaure mayafi a ƙugu, ta dunƙula matashi biyu a ƙarƙashinta don ta hango gaba, ta kama sitiyari kamar tana tuƙa tuwon biki.

Shekarar da aka yi aurena muka je gaishe ta daga Kaduna, ni da maigidana. Karon farko ke nan da ya tsallaka iyakar Najeriya, kuma ya zo da shirinsa tsaf: mu shiga motar haya zuwa Ngaundere, daga nan mu hau jirgin ƙasa zuwa Yawunde wurin abokinsa. Ya yi wata guda yana ba ni labarin jirgin nan, wai har gado ne a ciki.

Kaka ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce a kawo tsintsiya. Tana cikin jera goro, akuyarta ta zagayo ta baya ta ɗauke Yawunde ta haɗiye.

"Ka gani, angona? Ko akuya ta gama da Yawunde ta huta. Mu yi maganar inda mutane suke."

Ya lura jirgin ne ba ta so, ya yi ƙarfin hali ya tambaye ta me jirgi ya yi mata. Ashe sau ɗaya ta taɓa hawa a duniya. A wata tasha ta hango ƙawarta ta ƙuruciya tana tallar zuma, ta leƙo ta taga suka fara gaisawa.

"Na tambayi jiki, na tambayi maigida, ban kai kan yara ba abin nan ya ja ya tafi. Abin da ba ya jiran a gama gaisuwa, tarbiyya ce ba a ba shi ba."

Da ƙyar aka daidaita. Za ta kai mu Tibati a motarta, mu ci kifi, sannan ta sauke mu a tashar Ngaundal mu hau mara tarbiyyar.

Ban taɓa ganin tafiya irin wannan ba. A kowane shinge jandarma zai ɗaga hannu fuska a murtuke, yana leƙowa sai ya washe baki. Wani ya nemi takardu da Faransanci, ta amsa masa da Fulatanci, ta tambayi ƙafar mahaifiyarsa, ta miƙa masa ƙullin magani wai ya kai mata. Shi ya ɗage sandar da kansa, bai ko kalli fasfonmu ba. Da muka fara hawan dutsen nan da ke gabanin Ngaundere, manyan motoci na nishi suna tsayawa, ita kuwa ko gezau, salati kawai take yi tana sauya giya. A can ƙololuwa ta tsaya ta ce mu fito. Ƙasa ta shimfiɗu a ƙarƙashinmu kore shar har ƙarshen gani, gajimare na yawo ƙasa da ƙafafunmu. Maigidana ya cire hula ya riƙe yana kallo. Ta bar shi ya more, sannan ta ce, "A jirgi da yanzu munshari kake yi."

Washegari muka kama jar hanyar Tibati, ga damina ta zauna. Kaka tana kauce wa ramuka kamar ita ta haƙa su. Sai ga wani kwari cike da caɓi kusa da wani ƙauye, ga busasshen gefe a fili, amma ta miƙe sambal ta tsunduma mu a tsakiya. Mota ta yi kuka ta mutu.

"Angona, sai ka taimaka."

Maigidana kuwa mai tsafta ne, mutumin da ke goge kujera kafin ya zauna, ga shi cikin farar shadda. Kuma ni kaina a lokacin ban taɓa ganin fushinsa ba, ban san irin mutumin da zai fito daga cikin rigar nan in ransa ya ɓaci ba. Ya sauka, caɓi ya kai masa gwiwa. Ya dafa bayan mota, Kaka ta tayar da ita ta taka mai da ƙarfi, taya ta kwaso jar laka ta wanke shi tun daga hula har aljihu. Takalminsa ɗaya ya tafi, har yau bai dawo ba.

Sai ya share idonsa, ya leƙo ta taga ya ce, "Kaka, ba abin da ya same ki dai ko?" Daga nan dariya ta kama shi har ya zauna a cikin lakar.

Wasu dattawa na zaune a gindin bishiya suna kallo, ba wanda ya motsa sai a lokacin. Suka taso da katako a shirye, ɗayansu ya gaishe ta ya ce, "Hajja, an sake aurar da wata ke nan?"

Na juya na dube ta. Ta gyara matashinta, ko kunya babu.

"Ramin nan mun daɗe tare. Miji ba a kujerar jirgi ake saninsa ba, 'yar nan. Na kawo wani nan, ya zagi mota, ya zagi Kamaru, ya juya zai zagi matarsa. Naki kuwa ni ya fara tambaya. Ki riƙe shi da kyau."

A Tibati masunta suka gasa mana kifin da ya cika faranti ya zubo, maigidana na ci cikin aron jallabiyar da ta tsaya masa a ƙwauri. A haka ya hau jirgin nasa a Ngaundal. Da muka isa na tambaye shi yadda ya ji gadon, ya ce barci ya yi, bai ga komai ba.

Ranar da aka bugo mana rasuwarta, ni na ɗauka zan fi kowa kuka. Sai na iske shi a zaure, babban mutum da furfura, ya kifa kai a gwiwa. Ya ce a duk surukansa ita kaɗai ta taɓa ce masa ya ci jarrabawa, kuma tun daga ranar yake jin nauyin kada ya ba ta kunya.

Allah ya jiƙan Kaka Dudu, ya yafe mata kura-kuranta, ya haskaka makwancinta. Yadda ta damu da inda kowace 'yar gidanmu za ta kwana, Allah ya kwantar da ita a inda babu tsoro.