Gwaggo da Bat Ɗina a Bakin Murhu

Jama'a, gasar ƙwallon tebur ta gobe ba da ni ba.

Da safe na goge robar bat ɗina da soso mai danshi, na jingine shi a inuwa ya sha iska. Robar da ko rana ba na bari ta gani.

Dawowata daga Ƙofar Kwaya sai na ji ƙauri. Na iske Gwaggo, ƙanwar babanmu, tana fifita garwashi da shi! Jar robar duk ta narke.

Na ce, "Gwaggo, bat ɗina ne fa."

Ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Wannan mahucin naka ba ya kawo iska. Gobe ka sawo mini na kaba."

Kuma dole na ce mata to.