Mainasara Mai Kanwa da Tsamiya

Kafin a kaɗa ƙararrawar safe, Malam Mainasara ya riga ya jingine kekensa, ya share ɗakin gwaje-gwaje na sakandarenmu ta Bodinga, ya wanke kwalabe. Ba malamin aji ba ne, mai kula da ɗakin ne kawai. A watan nan zai yi ritaya.

A 1983, lokacin tsuke bakin aljihu, sinadaranmu suka ƙare ƙaf. Aka ce sufeto zai zo daga Sakkwato, in bai ga muna gwaji da hannunmu ba, za a rufe ajin kimiyya. Hankalinmu ya tashi.

Mainasara ya hau keke zuwa garinsu Kajiji, ya dawo da kanwa da tsamiya. Muka yi ta tsokanarsa, wai kunu zai dama mana. Ko a jikinsa. Kullum bayan azahar sai ya ara mana agogonsa, mu zuba kanwa a jiƙon tsamiya, mu auna saurin tashin kumfa.

Ran zuwan sufeto, shugaban makaranta ya ce ba a tarbar babban baƙo da garin kanwa kamar marowata. Da kansa ya zaɓo ƙaton dunƙule, ya sa aka ɗebo ruwan randarsa mai sanyi. Aka jiƙa tsamiya a ciki, aka jefa dunƙulen. Shiru, sai ɗan tsirt-tsirt. Sufeto ya zare biro.

"Ranka shi daɗe, ba ƙi tay yi ba," in ji Mainasara. Ya dubi wata 'yar ajinmu. "Rahamatu, mi za mu yi mata?"

Ta ce, "A daka ta, a ɗuma ruwan, a ƙara tsamiya."

Aka daka, aka kunna risho. Kumfa ta taso har ta malalo kan takalmin sufeto. Ya bushe da dariya, ya ce Rahamatu ta yi bayani, ta yi masa dalla-dalla. Ba a rufe ajin ba.

Kai ne, Mainasara, ka san amsar amma ka bar wa ɗaliba ta faɗa. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Masu zaman jiran kayan aiki daga birni, ku dubi abin da ke madafinku.

Na ga rahoton sufeton daga baya. Ya yabi shugaba, ya yabi malamai, babu sunanka ko sau ɗaya. Shi ya sa na rubuta shi a nan.